Tamimu da Kalkuletarsa ta Sallah

A unguwar Al-Oud da ke Riyadh, in ka baro wajen maƙabarta ka miƙe kamar za ka Batha, akwai wani tsohon bene da mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar muka cika. In ka ga wata farar mota a ƙofarsa, kujerunta suna sheƙi a rana, kada ka ɗauka fata ce. Leda ce, motar kuma ta Tamimu ce. Ta hannu ya saya, ta riga ta sha duniya a hannun wani Basudane, amma sai da ya je ya auno leda ya lulluɓe kujerun, wai kowace mota tana da haƙƙin ta yi amarci ko da bazawara ce. Da zafin Riyadh, duk wanda ya rage wa hanya sai ya sauka da rigarsa manne a gadon baya, yana godiya yana ɓamɓarewa.

Haka yake da komai. Rimot ɗin talabijin ɗinsa a naɗe yake kamar ƙullin yaji. Agogon hannunsa har yau da 'yar farar takardar nan a kan gilashi, sai ya karkata hannu kafin ya gane ƙarfe nawa. Ba rowa ba ce, don Tamimu zai ba ka abincin da ke gabansa ya kwana da shayi. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ga sabon abu ya fara tsufa a hannunsa.

Gado ne. Mahaifinsa tela ne a Tudun Wadan Zariya, kuma a gidan tela kaya iri biyu ne: na sawa da na Sallah. Na Sallah ana gama ɗinkinsu tun azumi bai raba ba, a ninke, a sa a akwati, yaro ya yi ta leƙe ba halin ko gwadawa. Mahaifiyarsa kuwa tana da jeren kwanuka tun na aurenta, waɗanda ba su taɓa ganin miya ba. A goge su, a mayar, a ci tuwo a tsohuwar langa. Tamimu ya tashi da yaƙinin cewa akwai wata albarka a cikin sabon abu wadda take fara tsiyaya ranar da aka buɗe shi, saboda haka mai hankali yakan bar buɗewar sai ranar da ta cancanta.

Wannan hali bai hana shi karatu ba. Injiniyan gine-gine ne, na gaske, da takardarsa ta jami'a. Ya yi shekaru yana gina kwalbatoci da magudanan ruwa a gida kafin wani kamfanin gini ya kawo shi Riyadh. Sai dai bizar da aka samu a lokacin ta ƙaramin ma'aikaci ce, don haka a kan iƙamarsa, wato katin zama, aka rubuta “fanni”, mai taimaka wa injiniya. A wurin aiki shi ke duba zane, shi ke auna ƙarfe, leburori suna kiransa muhandis, wato injiniya. Amma kati bai san wannan ba, kuma da wannan katin kamfani ya ce ba zai nema masa izinin kawo iyali ba. Matarsa Safiyya da 'ya'yansu biyu, Basiru da Hansai, suna can Zariya, sai hutu yake ganinsu.

Ana nan sai mudir ɗinsu, wato manajan kamfanin, ya kira shi ya ce in ya ci jarrabawar lasisin injiniyoyi, kamfani zai gyara masa kati, ya kawo iyalinsa. Tamimu ya fito daga ofis yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa. Ya sayi littattafai, ya kuma nemi Injiniya Shakir, wani ɗan Ilori da ya girma a Jos, wanda ya riga ya ci jarrabawar, don ya ji yadda take.

Shakir ya ce masa, “Karatun ba zai ba ka wahala ba, ka san aikinka. Amma ba a shiga da waya. Kalkuleta kawai, ita ma ba kowace iri ba. Wadda take ajiye rubutu, ko take zana hoto, ko take ƙara, a bakin ƙofa za su karɓe. Ka sayi ta kimiyya, 'yar madaidaiciya, ka kula da jabu. In ka saya kuma ka yi ta aiki da ita har yatsunka su haddace ta. Ka ji ko?”

“Na ji, Injiniya.”

Ya ji ɗin. Rabin farko ya ji.

Ranar Juma'a da la'asar ya tafi Batha, abokin ɗakinsa Ghali ya raka shi. Ghali Bakano ne, direban motar raba ruwan sha, kuma tunda Tamimu Bazazzagi ne, ba ya kiransa da komai sai “bawana”. Suka kutsa cikin layin masu kayan lantarki, inda cunkoso kan sa mutum ya yi tafiyar da bai yi niyya ba, suka tsaya a shagon wani Bangali mai gemu ja da lalle.

Kafin Tamimu ya buɗe baki, Ghali ya ɗauko wata mai faɗin faranti, irin ta masu kanti. Ya danna, sai muryar mace ta fito daga ciki da Larabci: “Wahid. Isnain. Salasa.”

“Bawana, ga taka! Ga lissafi ga hira. Kai da ba ka da mata a kusa.”

“Ajiye ta, Ghali. In ta faɗi amsa da ƙarfi ai duk ɗakin sun ci.”

“To ai sadaka ke nan mai gudana. Ku Zagezagi kun cika baƙin ciki, ko ilimi ba kwa so a raba.”

Ya ajiye ta ya ɗauko wata ƙatuwa mai allo kamar ƙaramar talabijin. Ya ce injiniya guda bai kamata ya shiga jarrabawa da abin da ɗan sakandare ke sa wa a aljihu ba, girman mutum girman kayan aikinsa. Tamimu ya juya ta, ya shafa ta, har idonsa ya yi laushi, don ita ma a cikin leda take. Amma ya tuna maganar Shakir ya mayar. Ya nuna wa mai shago hoton irin wadda aka amince da ita. Bangalin ya zaro guda biyu masu kama ɗaya, ya ce, “Sem-sem, sadik,” wato duk ɗaya ne, aboki. Tamimu ya ce in duk ɗaya ne me ya sa harafi guda ya ɓace a sunan wannan? Mai shago ya yi dariya, ya tura jabun ƙarƙashin kanta, ya ce lallai wannan muhandis ne.

Ta gaskiyar tana cikin irin robar nan mai tauri da ake liƙewa da wuta, tana kwance a ciki kamar ƙwai. Mai shago ya ɗauko almakashi zai yanka don a gwada. Tamimu ya kama hannunsa caraf.

“La, la, la! Bar ta haka.”

“Ba za ka gwada ba?” in ji Ghali.

“In aka kunna ta yau, batir ya fara tafiya ke nan. So nake ta shiga jarrabawa da ƙarfinta cikakke.”

Ghali ya dubi Bangalin, Bangalin ya dubi Ghali. Ba su da yare ɗaya, amma sun fahimci juna.

Aka kawo ta gida aka ɗora a kan kabad, kusa da akwatin hular Sallah da wani takalmi da shi ma yake jiran ranarsa. Ghali ya raɗa mata suna Amarya. In ya dawo daga aiki sai ya rusuna a gaban kabad ya ce, “Amarya, ya baƙunta? Bawan nan yana kula da ke?” Mu ma da muke haɗuwa a ɗakinsu cin shinkafar Juma'a muka ɗauka. Kowa ya shigo sai ya tambaya yaushe ne buɗar kai, don mu shirya.

Karatu kam Tamimu ya yi shi. Bayan Asuba kafin motar kamfani ta zo, da hutun rana a cikin kwantenar ofis, da duk ranar da ba aiki. Lissafin kuwa a waya yake yi, da wata manhaja da ya saba da ita tun yana gida, yatsansa na gudu a kanta kamar na mai kiɗan kalangu. Shakir ya taɓa tambayarsa a masallaci ko hannu ya saba da kalkuletar. Tamimu ya ce, “Tana nan lafiya ƙalau.” Bai yi ƙarya ba.

Abin da ya faru ranar jarrabawa daga bakinsa muka ji, a Juma'ar da ta biyo, bayan mun yi ta lallashi.

Ya yi wanka, ya sa sabon takalmin, ya sauko da Amarya ya sa a jaka. Niyyarsa ya buɗe ta a bakin ɗakin jarrabawa, da bisimilla, kamar yadda ake warware kayan Sallah da safiyar Idi. Abin da bai lissafa ba shi ne almakashi. A ƙofa aka karɓi waya da makulli da jaka aka kulle a akwatin ƙarfe. Ya shiga layi da katinsa a hannu ɗaya, Amarya a ɗaya. Mai duba kaya, wani saurayi ɗan ƙasa mai fara'a, ya karɓa ya juya ta gaba da baya.

“Ya muhandis, sayarwa ka kawo?”

“A'a, ta jarrabawa ce.”

“To buɗe.”

Ya ja roba, roba ta ce ba ta san zancen ba. Ya murɗa, ya lanƙwasa, ya sa farce. Bayansa layi ya yi tsawo, Indiyawa da Misirawa da 'yan Filifin kowa da tasa kalkuletar da ta koɗe don aiki, suna leƙowa. Wanda ya taɓa faɗa da irin robar nan ya san ba a yi ta don ɗan Adam ya buɗe ba. Daga ƙarshe Injiniya Tamimu, mai shekara arba'in da ɗoriya, uban 'ya'ya biyu, ya sa haƙori. Wani Bamisire ya ji tausayi ya roƙi a buɗe masa akwatinsa ya ɗauko abin yanke farce. Da shi aka yi ta ɓantara kaɗan-kaɗan har Amarya ta fito, bayan bakin robar ya yanki ango a babban yatsa. 'Yar takardar bayanin da ke ciki kuwa mai duba kaya ya karɓe, don ba a shiga da rubutu.

Ya zauna gaban kwamfuta, yatsa naɗe da tishu, takalmi na cizon dunduniya. Tambayar farko mai sauƙi ce, har ya yi murmushi. Ya danna rabawa, ya danna daidai. Maimakon ta ba shi lamba da ɗigo kamar yadda waya ke yi, sai ta ɗora wata doguwar lamba a sama, ta ja layi, ta sa wata a ƙasa.

“Na tambaye ta amsa,” in ji shi, “ita ma sai ta mayar mini da tambayar.”

Ya sake danna daidai, ta maimaita. Ya kashe ya kunna, ta maimaita. Ya san dole akwai maɓallin da ke juya abin, amma maɓallan sun fi arba'in, kowanne da rubutu a kansa, da wani rawaya a samansa, da wani ja a gefensa. Sai ya shiga dannawa bi da bi, kamar mai neman gidan da ba shi da adireshi. A nan ne ya shiga wani lungu ya canza mata ma'aunin kusurwa bai sani ba. Da ya zo tambayar gangaren rufi ya nemi abin da masu lissafi ke kira “sine” na digiri talatin, wanda ko ɗan aji uku ya san rabi ne, sai ta ba shi lamba ƙasa da sifili.

“Wallahi rufin da na lissafa da ita, da an gina, sama zai tashi,” in ji shi.

Sai ya ajiye ta gefe ya ɗauki alƙalami da ɗan allon da aka ba su, ya koma rabawa irin ta firamare: ka sauko da wannan, ka ara daga wancan. Amsoshin suna fitowa daidai, amma agogon kwamfuta ba ya jiran mai aro. Lokaci ya cika da sauran tambayoyi masu yawa da bai ko gaisa da su ba.

Muka yi dariya har Ghali ya ƙware da shinkafa. Shi ma Tamimu ya taya mu. Amma da sakamako ya fito ya nuna saura ƙiris, dariyar ta tsaya, don mun san abin da ƙiris ɗin ya ci.

Kiran Safiyya ne ya fi masa wuya. Ghali yana ɗakin, kuma Bakano ba ya jin magana ya bar ta a ciki, shi ya sa muka sani. Tamimu ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan sama, sannan ya faɗa. Ta ce ta riga ta yi sallama da rabin Tudun Wada, har an fara ba ta saƙon dabino. Sai ta tambayi abin da ya faru, shi kuwa ba ya iya ƙarya, ya ba ta labari tun daga Batha har haƙori.

“Baban Hansai,” in ji ta a hankali, “wato ba ka taɓa kunna ta ba sai ranar?”

“Don batir ne.”

“To. Ni ma don batir ne ka ajiye ni a nan?”

Ghali ya ce sai ya ga bawansa ya zauna a bakin gado. Sai ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta miƙa wa yara wayar.

Mudir ya ce zai jira zaman jarrabawa na gaba, amma daga shi ba wani. Washegari Tamimu ya je wurin Shakir da sabuwar dabara. Tunda wannan an riga an buɗe ta, ta zama ta aiki. Zai koma Batha ya sayo wata ya ajiye ta jarrabawa.

Shakir ya cire tabarau ya dube shi. “Tamimu, in ka sayo wata, ni da kaina zan zo da almakashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kawo ta nan.”

Ya mayar mata da ma'aunin kusurwa, sannan ya nuna masa wani ɗan maɓalli a sama da jerin lambobi. Ya danna sau ɗaya, lamba bisa lamba ta koma lamba da ɗigo. Tamimu ya daɗe yana kallon maɓallin.

“Wannan ɗan mitsitsin ne ya hana iyalina biza?”

“Ba shi ba ne,” in ji Shakir. “Amma bar shi a haka.”

Daga ranar muka shiga uku. Mutumin da ba ya taɓa abu ya koma ba ya sakinsa. Ya goge manhajar waya gaba ɗaya don kada ta ja hankalinsa. Amarya ta koma aljihun gaba, tana zuwa wurin gini, tana shan ƙura da zufa. Ya lissafa gangaren matakalar benenmu ya sanar da mu cewa wanda ya gina ta ba ya tsoron Allah. Ya lissafa yawan shayin da fulas ɗin Ghali ke ɗauka, ya tabbatar masa da abin da aka rubuta a jiki ƙarya ne. Ya auna inuwar sandar lantarki don ya gano shigar La'asar, alhali ladan yana kira a kan kunnensa. In ka gaishe shi sai ya ce dakata, yana tsakiyar warware lissafi mai ɓoyayyu uku. Ghali ya ce da amarci da wannan bautar, gara amarcin. Ya sauya mata suna zuwa Uwargida, ya ce duk wanda ya ga yadda ake wahalar da ita ya shaida.

Kafin zama na biyu ya zo, rubutun wasu maɓallan ya fara gogewa, gefenta ya sami tabon shayi, murfinta ya tsage. Tamimu yana iya juya ta daga wannan ma'auni zuwa wancan idonsa na kan littafi. Batir kuwa ko gezau. Da ya koma ɗakin jarrabawa da tsohon silifas ɗinsa, saurayin nan mai duba kaya ya gane shi. Ya karɓa, ya juya ta, ya ce, “Ita ce dai?” Tamimu ya ce ita ce. Saurayin ya ce, “Masha Allah, ta ga rayuwa,” ya miƙa masa.

Ya ci, kuma ba da ƙiris ba. Kamfani ya cika alkawari, aka gyara kati, aka rubuta muhandis. Ya kama ɗaki biyu da kicin a hawan sama na benenmu, ya bar Ghali yana kukan wa zai riƙa yi masa bauta yanzu.

Ranar da iyalin za su sauka, da hantsi muka tafi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, ni da shi da Ghali. Tamimu ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, duk ƙofar da ta buɗe sai ya yi gaba. Can sai ga Basiru ya fito, ya yi tsawo har ya kusa kafaɗar uban, yana tura keken kaya da jakunkuna suka yi masa tsiri, ƙamshin daddawa na riga su isowa. Hansai ta ruga ta rungume ƙafar ubanta. Safiyya ta zo a baya, ta gaishe mu, ta dubi mijinta sama da ƙasa ta ce, “Ka rame.” A hannunta akwai wani dogon abu naɗe da zani, wanda ta ce ma'aikatan jirgi sun yi ta tambaya a kansa tun daga Kano.

“Hajiya, bindiga kika kawo wa bawan nawa?” in ji Ghali.

“Taɓarya ce. Turmin yana cikin jakar can. An ce mini nan komai a inji ake niƙawa, ni kuwa ba zan ci yajin inji ba.”

Tamimu ya karɓa ya saɓa a kafaɗa, ya wuce gaba, yana ratsa Larabawa da Turawa da ita, bakinsa har kunne.

Ɗakina ne a ƙarƙashin kicin ɗinsu. Yanzu da sassafe rufina ke amsa luguden Safiyya, fitila tana rawa, fenti yana zubo mini a shayi. Na yi wa Tamimu ƙorafi sau ɗaya. Ya sauko ya duba rufin da idon lasisi, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce zai ɗauka, kada in damu. Da azahar aka aiko mini da dambu da yajin turmi. Ban sake ƙorafi ba.